Kyaftin ɗin Barnawa da Jiragensa na Takarda

Alhaji Kyaftin, bawan Kanawa, ina gaisuwa. Na gaishe ka ne don kada a ce Bakano ba shi da ladabi, amma ka san ba gaisuwar ce ta kawo ni ba. Labari ya iske ni a Kakuri cewa ka sake jajibo wani littafin jirgin sama, har uwargida ta yi rantsuwa: in ka ƙara ko ɗaya, to ko littattafan su koma zaure ko kai ka koma. Da ta nemi shawarata na ce ta bar littattafan a ɗaki. Su ba sa munshari, ba sa kuma tambayar ina ragowar miyar jiya.

Jama'a, ga wanda bai san mutumin ba: ko amalanke bai taɓa tuƙawa ba. Babur ɗin da ya saya zamanin da masaƙa ke biyan albashi a kan kari, ɗan maƙwabta ne yake goya shi a kai zuwa aiki. Amma ka zauna kusa da shi a teburin mai shayi bayan isha'i, ka yi gangancin ɗaga kai don ka ji ƙugi a sama, to shayinka ya huce ke nan. Zai faɗa maka irin jirgin, da ƙasar da aka ƙera injinsa, da garin da ya baro, da abin da ya sa matuƙin ya ɗan karkata hagu. Wani dare ya gama wannan bayanin tsaf, mutane har sun fara jinjina kai, sai yaron mai shayi ya ce, “Baba, janareton gidan burodi ne fa.” Kun san abin da ya ce? Wai ai injinan 'yan'uwan juna ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ban cika ganin laifinka ba, ciwon tun na yarinta ne. Wanda ya tashi a Zariya yana kallon ƙananan jiragen koyo suna shawagi a kan Palladan da Samaru, dole wani abu ya taɓu a kansa. Tun 1964 aka kafa muku makarantar koyon tuƙin jirgin sama a ƙofar gida, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. 'Ya'yan mutane suka zo daga Legas, daga Inugu, daga ƙasashen maƙwabta, suka koya, suka sa farar riga mai igiya a kafaɗa, suka yi gaba. Kai kana bakin waya da karan rake a hannu kana gyara musu sauka da baki. Ka ce Inna ce ta hana ka shiga, wai ba ta haifi ɗa don ya bi tsuntsaye ba. Allah ya jiƙan Inna, ta rufa maka asiri, don mu da muka ga sakamakonka na lissafi mun san ba ita kaɗai ta hana ba.

Kantar nan taka na gan ta da idona. Kafinta ya yi ta ne don kwanukan amarya, yanzu kwanukan suna ƙarƙashin gado. A saman duka ga ɗan lelenka, Fate Is the Hunter na Ernest Gann. Bangon ya daɗe da yin sallama da shi, ka ɗinke gindinsa da zaren buhu, ka yi masa riga da tsohuwar kalandar masu sayar da taki. Gara ta ci kusurwar shafukan farko, ta ji Turancin ba gishiri ta haƙura. Kusan kowane shafi ka ja layi da jan biro, a gefe ka rubuta “haka yake”, sai ka ce marubucin ya aiko daga Amurka yana jiran sa hannunka.

Amma fa ka iya zaɓe, ɗan Zage-zagi, wannan ba zan hana ka ba. Da na are shi, bayan ka sa ni rantsuwar da ko alƙali bai taɓa sa ni ba, ban iya ajiye shi ba. A 1961 ya fito. Mutumin ya fara tuƙi ne a kamfanin American Airlines a ƙarshen shekarun 1930, zamanin DC-2 da DC-3, lokacin da ruwan sama kan yoyo ta gilashi ya jiƙa wa matuƙi gwiwa. Abin da ya kama ni shi ne bai zo tallar jarumtarsa ba. Kafin labari ya fara sai da ya jera sunayen abokan sana'arsa da suka mutu a jirgi, layi bayan layi. Daga nan ya yi ta nuna maka cewa da yawansu ba su fi shi sakaci ba, shi ma bai fi su iyawa ba. Ƙanƙara ta lulluɓe masa fiffike cikin dare ya sauka lafiya. A Indiya aka ɗura wa jirginsa mai fiye da ƙima, ya tashi daga Agara da ƙyar, saura ƙiris ya yi awon gaba da hasumiyar Taj Mahal. Wani kuma bai gamu da rabin wannan ba ya tafi. Bature ya yi ɗaruruwan shafuka yana kewaye-kewaye kafin ya isa inda kakata take farawa kullum da asuba: in kwana bai ƙare ba, bai ƙare ba.

Matsalarka ita ce ba ka karatu ka bar shi a takarda. Akwai wurin da wani tsohon kyaftin, wanda ya kira Ross, yake koya masa sauka cikin gajimare, yana ta ƙyasta masa ashana a gaban hanci ɗaya bayan ɗaya, don ya saba riƙe hankalinsa ana dagula masa lissafi. Tun ranar da ka karanta wurin nan yaran gidanka ba su sake shan ruwa da daɗi ba. Yaro na fama da aikin makaranta kana ƙure masa rediyo a kunne, wai horon matuƙa. Autanku ya ce mini shi likitan dabbobi zai zama, kuma na gane dalili.

Sai Stick and Rudder, wanda Wolfgang Langewiesche ya wallafa a 1944, littafin da ya kusa sa mu yi jana'izar hannu. Muna cikin bas, mun baro shataletalen tashar jirgin ƙasa za mu ƙetare gada zuwa cikin gari, sai na ga ka zura hannunka ta taga, ka shimfiɗa tafin, ka haɗe yatsu. Ka ɗan ɗaga gaban tafin, iska ta cira hannun sama. Ka ƙara ɗagawa, ya ƙara tashi. Da ka miƙar da shi sosai sai iskar ta daina ɗauka, ta buga shi baya, ya faɗo. Ka juyo kana washe baki, kana gaya wa wata mai ɗauke da kwandon tumatir cewa abin da ke riƙe jirgi a sama ke nan: fiffike yana danna iska ƙasa, ita kuma tana tura shi sama, in aka karkata shi ya wuce ƙima sai ɗaukar ta yanke. Yaron mota ya ce, “Baba, don Allah shigo da fiffikenka, ga tirela nan.” Gaskiya dai bayanin daidai ne, na bincika. Har da ƙarashen da ka yi mana bayan tirelar ta wuce, cewa in jirgi ya fara zubowa don an ɗaga hancinsa da yawa, magani shi ne a sunkuyar da hancin, abin da zuciyar mai tsoro ba ta so. Darasin sauke hanci a bakin Bazazzagi! Allah mai iko.

Na David McCullough a kan 'yan gidan Wright, na 2015, shi ne kaɗai ka saya sabo, shi ya sa ba ka bari a taɓa sai an wanke hannu. Masu gyaran keke ne su biyu a garin Dayton, bakanikensu Charlie Taylor ya ƙera musu injin a shagon. Ranar 17 ga Disamba 1903 jirgin ya yi daƙiƙa 12 a sama, ya ci ƙafa 120, tazarar da ba za ta ƙetarar da kai kogin Kaduna ba ko da rani. Kullum kana cewa ka ga abin da masu gyaran keke suka yi. Na gani. Kawunka ma na Tudun Wadan Zariya tun kafin a haife mu yake faci, muna nan muna jiran nasa jirgin.

Ranar da ka fi ba ni dariya kuwa ita ce ranar Beryl Markham. Littafinta West with the Night ya fito a 1942. A Kenya ta girma, tana horar da dawakin sukuwa, ta koma tashi da ƙaramin jirgi tana hango wa mafarauta garken giwaye. A Satumban 1936 ta taso daga Ingila ita kaɗai ta nufi yamma, iska na dukan ta a goshi dare guda cur, ƙanƙara ta toshe wa tankin mai numfashi, ta ƙarasa da hancin jirgi cikin taɓo a wani tsibirin Kanada, ta fito da ƙafarta. Ka zo majalisa ido ya yi ja don rashin barci, ka ce, “Wallahi matar nan ya yi ƙoƙari, shi kaɗai ya ƙetare teku.” Haba Zage-zagi! Baiwar Allah ta ratsa Atilantika lafiya lau tana mace, sai da ta sauka a bakinka ta zama namiji. Kuma ba sai ka je Kenya ba. Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, a garinku ta koya, daga baya ta dawo ta shugabanci kwalejin. Ita ma na san “ya” za ka ce.

Wanda na fi so a kantar, in ka tambaye ni, ko da yake ba ka taɓa tambaya ba, shi ne na Bafaranshen nan Saint-Exupéry, wanda har yau ba ka furta sunansa iri ɗaya sau biyu ba. Wind, Sand and Stars, 1939. Wasiƙu yake dako daga Faransa zuwa Dakar a ƙarshen shekarun 1920, ta gefen Sahara, da jiragen da injinsu kan mutu ba sallama. A ƙarshen 1935 ya faɗi a hamadar Libiya shi da bakanikensa, da ɗan lemo da abin sha da bai taka kara ya karya ba, suka yi ta gararamba har suka fara ganin abin da babu, sai ga Balaraben daji a kan raƙumi ya ba su ruwa. Ya iya rubutu, Allah ya ba shi. Sai dai duk lokacin da na karanta, jinin fatauci yakan motsa mini. Mutum ya yi 'yan kwanaki da ƙishirwa ya samu littafi da lambar yabo. Ayarin Kano ya yi ɗaruruwan shekaru yana ratsa wannan rairayin zuwa Gat da Gadamas da Tarabulus, wata da watanni, da fatu da turkuɗi, ba wanda ya tafa musu. Shi kansa mai raƙumin da ya kai ruwan, ko sunansa babu a littafin. Ba don Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi da mu ta hamada a Shaihu Umar ba, da sai ka rantse Turawa ne suka fara jin ƙishi a can.

Airport na Arthur Hailey kuwa, 1968, bar shi kawai. Dare ɗaya ne a filin jirgin da dusar ƙanƙara ta rufe, ka karanta shi har ya yi laushi. Kai da ƙanƙarar da ka sani ita ce ta cikin zoɓo. Namu hazo ne, Malam, wanda kan sa fasinja ya kwana a benci da jakarsa a matsayin matashi.

To duk wannan ilimin, jama'a, sai ga ranar jarrabawa. Allah ya kira mu shekara ɗaya, sahu ɗaya. Tun a sansanin alhazai na Mando kake tara mutane kana yi musu bita ta biyu bayan ta malamai: inda ƙofar gaggawa take, abin da ya sa kunne ke toshewa, dalilin da ya sa ba a hura wuta a dafa shayi a ciki. Da aka shiga, ni ina layin bayanka. Kusa da kai wata tsohuwa ce daga wani ƙauyen Soba, wadda ko motar Abuja ba ta taɓa hawa ba. Ma'aikaciyar jirgi ta ɗaura mata bel, ta yi bisimilla, ta ɓare goro. Jirgi ya fara gudu a kan titi, na ga ƙeyarka ta fara ƙyalli. Taya ta shige ciki ta ce ƙum, ka ce da ƙarfi, “Taya ce, ba komai,” alhali ba wanda ya tambaye ka. Da matuƙi ya rage wuta bayan an hau sama, ƙugin injin ya sassauta, sai muryarka ta sirance: “Haka ake yi, haka ake yi.” Can tsakiyar tafiya aka shiga gargada, kofuna suka fara rawa a kan faranti. Kyaftin guda ya ƙanƙame hannun kujera, ido a waje kamar ɗan akuyar da aka ɗaure a bayan babur za a kai kasuwa. Duk haɗurran da ka haddace suka zo gaishe ka, kowanne da shekararsa da lambarsa.

Tsohuwar nan ta farka daga gyangyaɗi, ta dube ka sama da ƙasa, ta kwance bakin zanenta ta miƙo maka ɓarin goro. Ta ce, “Ɗan nan, kwantar da hankalinka. Shi ma direban ai yana da 'ya'ya.” Ta koma barcinta. Ka karɓi goron da hannu biyu. Ban gaya wa kowa ba sai mutanen Kakuri da na Makera da na Nasarawa, yau kuma ga jarida.

Ita wannan tsohuwar ce ta sa na ɗauki biro, ba sabon littafinka ba. Na duba kantarka daga sama har ƙasa, akwai Ba'amurke, akwai Bafaranshe, akwai Baturiyar Kenya, ita babu ita. Alhali in labarin jirgi ake nema, wa ya kai ta? A zamanin kakanta, mai niyyar Makka da ƙafa ko a jaki yake bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, yana tsayawa yana noma ko ɗinki don ya samu guzuri. Shekaru ake yi. Wasu sun dawo da furfura, wasu sun zauna can, ga jikokinsu nan a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno, suna Hausa har gobe. A 1948 Mahmud Ɗantata da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA a Kano, aka koma manyan motoci, daga baya aka koma sama. Yau jikar mai jakin nan takan yi azahar a Kaduna ta yi isha'i a ƙasa mai tsarki, har ta samu sararin lallashin wani ƙato a hanya.

Tunda an ambaci Kano, gyara zama, ka san ba zan wuce ba. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, waɗanda suka taso daga Helwan ta ƙasar Masar ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka a Kano. Ba a Zariya ba, na maimaita don na bayan aji. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. A yaƙin Hitila, daga 1940, akan kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, a taso da su ta Legas da Kano da Maiduguri da Sudan har Masar, dubbansu. KLM ya yi ta sauka a garinmu tun shekarun 1940 har 2012. Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a 1980, ya kai ga kwasar alhazai da Boeing 747. Ku sai bayan shekara 39 da saukar farko aka tausaya muku da makaranta, lokacin mu wuyanmu ya gaji da kallon sama mun koma kasuwa.

Amma bari in sassauta, kada ka ƙi cin tuwon dare. Kadunan nan da ta riƙe mu duka, mu da muka ƙi kwashe kaya bayan rikicin 2000 muka ce nan ne gida, ita ma tana da nata. Hayin arewa ga sansanin sojan sama inda ake yaye matuƙa, ga tsohon filin jirgi inda aka harhaɗa ƙaramin jirgin koyo Air Beetle, guda 60, da hannun 'yan ƙasa. A namu hayin kuma, a titin Kachia da kake bi kullum, nan hedikwatar Chanchangi Airlines take a da, kamfanin marigayi Alhaji Ahmadu Chanchangi, Allah ya jiƙansa, wanda tun shekarun 1990 jiragensa Boeing 727 masu inji uku a gindi suka yi ta kai mutanen garin nan Legas suna dawo da su. Kana wucewa ta wurin a Keke, kanka a sunkuye cikin tarihin wani kamfanin Amurka da ya mutu. Da aka rufe filin jirgin Abuja na sati shida daga 8 ga Maris 2017 aka karkato da jirage Kaduna, har Ethiopian Airlines ya sauke Boeing 787, me ka yi? Ka tafi Gonin Gora ka tsaya bakin titi kana kallon motocin da ke kwasar fasinjoji zuwa Abuja da rakiyar 'yan sanda. Jirgin bai samu ganinka ba, fasinjojin ka je yi wa barka da sauka.

Ga wani abu da na tabbata ba ka lura da shi ba, duk da jan bironka. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, kamfanin jiragen ƙasa da ya zama Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fiffike, aka kafa shi a 1958. KTL ta rufe a 2002, giwa ta daina tashi a 2003, bayan ta taɓa mallakar jirage kusan 30. Shekara ɗaya tsakaninsu a zuwa, shekara ɗaya a tafiya. Ma'aikatan giwa har 2018 suna fafutukar ragowar haƙƙinsu. Kai da ka yi akawu a unguwar masaƙu, ka ga yadda titi kan cika da kekuna in jiniya ta busa, ka kuma ga ranar da ta yi shiru, wa zai fi ka gane abin da ke zuciyar tsohon ma'aikacin jirgi da ya ajiye hularsa a akwati? Ba Gann ba, wallahi.

Nan kuma zan ajiye wasa kaɗan. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda, aka karkatar da shi daga Legas saboda yanayi, ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani DC-8 ya taso daga Jidda zai tafi Sakkwato, tayar da iskarta ba ta cika ba ta fashe ta kama da wuta, aka naɗe ta ciki da wutar, mutum 261 ba wanda ya fita. Akwai gidaje a ƙasar nan da har yau in an ce jirgin alhazai sai wata tsohuwa ta tashi ta shiga ɗaki. Gann ya jera sunayen nasa a farkon littafi, kai kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro. Namu fa? Allah ya jiƙansu da rahama.

A ɓangaren Hausa na kantarka, in an cire littafin addu'o'in da ka ƙara bayan gargadar nan, abu biyu na gani. Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, shi kuwa tafiyarsa Ingila ta 1943 a jirgin ruwa ya yi ta. Sai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya tsallake jirgin sama gaba ɗaya ya kai yaro sararin samaniya. Shata ma da ya tashi, Kumbo Apollo 11 ya yi wa waƙa. Wato mun yi ruwa, mun yi wata, tsakiyar ce aka bar wa Bazazzagi, shi kuma yana can yana gwada fiffike a tagar bas. Abin haushin, garinku ne gidan ɗab'i. Can aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, can aka kafa kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Makarantar jirgi da maɗaba'a a gari ɗaya, kuɗin acaba kaɗan ne tsakaninsu.

Masu labarin kuwa ba su yi nisa ba. Suna nan Barnawa da Narayi da Sabon Tasha da Television: wanda ya yi shekaru yana loda kaya a cikin jirgi, wanda ya yanki tikiti zamanin da fasinja kan nannaɗe babbar riga ya sheƙa da gudu zuwa matakala don kujera ta wanda ya riga ce, bakaniken da ya kwana ƙarƙashin fiffike da tocila a baki, ma'aikaciyar jirgin da yanzu jikoki take goyo amma har yau ba ta tafiya sai kafaɗa a miƙe. Wani Bajju ne, wani Bayarabe, wata Idoma, kuma duk da Hausa za su ba ka labarin, irin Hausar Kaduna da ta fi taka daidaita mace da namiji. Ka haɗa da hajiyoyin Kano-Jidda, waɗanda suka san nauyin jaka da ido fiye da sikeli, da ɗan jirgin yawo, da alhajin da ya sha alwashin sai ya shigo da jarkar zamzam ta uku ko a fasa tafiyar. Kullum ɗaya yana raguwa a cikinsu, kai kana jiran wani Bature ya zo ya rubuta ka saya a gwanjo.

Saboda haka ga hukunci. Watan cika-ciki na tafe, kuma ka san al'ada, bawa ke biyan ubangidansa kuɗin shara. Bana na yafe maka tsabar kuɗi, don na san aljihun ɗan fansho. Babi na farko nake so, da hannunka, da Hausa, a kan tsohuwar Soba, kuma kada ka kuskura ka cire wurin goron. In ka ce “tsohuwar ya ce”, ni zan gyara, kyauta. Bugawa da sayarwa ka bar wa Bakano, ba fagenka ba ne. Sunanka zai fito a bango da manyan baƙaƙe, har da Kyaftin ɗin in kana so. Cinikin kuma zan ajiye maka a wurina, don kada ka je ka sayo wani littafin.